Zakaran da Na Yanka wa 'Yan Ƙwallo

Ni dai wautata ba gado na yi ba, da gumina na same ta. Ajin farko na bar makaranta, saboda haka lissafina na ƙwallo irin na kokawa ne: wanda ya ka da wani shi ne gwani.

Shekarar da yaranmu 'yan ƙasa da sha bakwai ke neman gurbin gasar duniya, kullum ina gidan kallo na unguwarmu, Arawa, ni da aminina, wani Bafulatani dillalin shanu. Ni Babarbare ne, tsokana ce gaisuwarmu. Ranar wasan ƙarshe na rukuni na miƙe a gaban jama'a na ce in yaran nan suka ci, zakara zan yanka.

Zakaran kuwa ba nawa ba ne. Na maiɗakina ne, tana ta ɗura masa dawa don yayanta da zai zo ganinta daga Kumo. Ranar ta tafi bikin suna a unguwar Malam Inna.

Yara suka ci ɗaya da nema. Ban jira komai ba na yi gida, har takalmina na tsinkewa. Na yanka, na fige, na kai wa mai balangu ya gasa. Da na dawo na tarar da mutane jugum-jugum, na ɗauka yunwa ce. Aminina kuwa, rediyo manne a kunne, ya ja cinya ya sa a baki.

"Ci, ɗan Fillo," na ce, "yau ka huta da fura."

Sai da ya tauna ƙashi, ya suɗe yatsu, sannan ya ce, "Bawana, Allah ya saka. Amma fa an fitar da mu."

"Wa ya fitar da mu? Ba a gabanka muka ci ba?"

Ya ce ai a daidai lokacin wasu ƙasashe biyu na rukuninmu suna nasu wasan a wani filin. Ɗaya ta yi wa ɗaya ruwan ƙwallaye, makinta ya zo ɗaya da namu, aka duba yawan ƙwallo, ta wuce.

"Kuma ka sani tun ina figa?"

"Tun kana gudu. Na ga ba kyau a katse wa dattijo alheri."

Shi ne ma ya rako ni gida, wai zai ba da haƙuri. Muka iske maiɗakina tsaye a kan tarin gashin zakara, ko mayafi ba ta cire ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya zayyana mata komai, har yajin da aka barbaɗa bai rage ba. Na fara kame-kame, ina cewa kishin ƙasa ne.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi akuyarta a turke, ta dube ni.

"Malam, an kore su ka yanka zakarana. Da sun wuce fa, wa ke layi, ita ko ni?"