Talotalon da aka ɗaure mini a kan dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar masaukinmu na titin Huanshi Lu a Guangzhou, ni da abokina mutumin Maraɗi da yake jin Sinanci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Lawban, wato mai kamfanin da ke ɗinka mini wandunan jins a Xintang, shi ya zo ya ɗauke mu da motarsa. Lokacin ƙarshen sanyi ne, lokacin nan da bangon ɗaki ke zufa a Guangzhou, ka shanya riga kwana da kwanaki ta ƙi bushewa.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Mahaifina maharbi ne a gefen dajin Falgore, da baka ya ciyar da mu. Na bi shi daji tun ina ƙarami, amma duk lokacin da na ba da wannan labari a gidan abincin da muke taruwa a unguwar Xiaobei, sai dariya. Suka laƙaba mini Sarkin Bakan Kwantena. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa, domin ba ni kaɗai ake yi wa dariyar ba, har da tsohon da ke kwance a kabari. Da Lawban ya ce akwai wata gona a duwatsun wajen Qingyuan da aka saki talotalo shekaru da dama har suka koma na jeji, kuma an yarda a farauce su da baka, ban tsaya tunani ba. Na ce zan kawo namiji guda da hannuna, kowa ya huta.

Hanya kam ba a magana. Kwalta sumul, ana huda dutse a wuce ta cikinsa, ba rami ba shingen 'yan karɓar na goro. A wurin hutawa muka nemi abincin halal, mai shagon ta kaɗa hannu ta ce meyo, babu. Muka ƙare da dafaffiyar masara da ƙwai, a farashin da ko a filin jirgi sai an yi tsaki. Mutumin Maraɗi ya ci masara uku yana zagin tsadarta.

Gonar dutse ne guda cur aka zagaye da waya, gora da itatuwa sun rufe shi, hazo na kwance a kwari. Aka ba ni baka na zamani mai ƙananan tayoyi, da wani ɗan akwatin katako da ake gogawa ya yi kukan macen talotalo. Wai a wannan lokaci na shekara mazan suna neman mata, sai ka yi muryar mace namiji ya biyo ka. Na ce to, ashe halin maza ɗaya ne ko'ina. Ma'aikacin gonar ya nuna saman dutsen ya ce akwai wani tsohon namiji da ya gagari kowa, kada in ɓata lokaci a kansa. Ni kuwa daga jin haka na san shi nake so.

Na bar su a ƙasa na hau ni kaɗai. Wanda ya shekara goma sha yana hawa lifta, ranar ya san yana da gwiwa. Na zauna a gindin wata bishiya na goga akwatin a hankali, sai ga amsa daga can sama, kuka mai kauri da ya cika kwarin. Wallahi tsigar jikina ta tashi, rabon da in ji haka tun ina bin bayan Baba. Ya matso, ya matso, har ina jin takunsa a busasshen ganye, sai shiru. Can na ji kukansa a bayana. Zagaye ni ya yi ta sama, ya leƙo, ya ga ƙato da baka maimakon budurwa, ya yi gaba abinsa.

Na sake wuri, na sake dabara. Na daina kira gaba ɗaya, na riƙa tona ganye da hannu kamar mace na kiwo. Wannan karon na gan shi. Baƙi wuluk mai sheƙi, wuya ja, gemun gashi na reto a ƙirjinsa, ya buɗe jela ya tsaya a kan wani falalen dutse, daidai inda kibiya ba za ta kai ba. Ya tsaya yana jiran macen ta fito ta same shi, shi ba zai sauko ba. Sauro ya sauka a kunnena, na ɗan motsa kafaɗa, shi ke nan. Na sauko da azahar hannu wofi, wando duk laka, kuma ina murna. Na gamu da abokin karawa, na ce gobe ma rana ce.

Lawban bai yi murna ba. Muna cin shinkafa da ganye da kifi, sai duban fuskata yake, yana magana ƙasa-ƙasa da mai gonar. Na ji ƙugin ɗan jirgin nan mara matuƙi yana shawagi a saman dutse, na ɗauka hoto ake yi. Bayan la'asar aka zo aka ce an hango tsohon namijin nan yana shan ruwa a wata ƙorama, in yi sauri.

Na rarrafa ta cikin gora har na hango shi. Na goga akwati, bai amsa ba. Na matso fiye da yadda ya bari na matso da safe, bai gudu ba. Na ja baka. A nan ya gan ni, ya yi tsalle zai tashi, sai wani abu ya fizgo shi ya faɗo da ƙirji. Ya sake tashi, ya sake faɗowa. Zaren kamun kifi ne, siriri fari, an ɗaure ƙafarsa da shi a jikin kututture. Ashe da jirgin nan suka gano inda yake, suka kora shi cikin raga, suka ɗaure mini shi kamar ragon suna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye bakan na ƙwala musu kira, suka fito daga bayan itatuwa, wayoyi a hannu, suna jiran su ɗauki jarumi. Na ce wa mutumin Maraɗi ya tambayi Lawban, me na yi masa da zai wulaƙanta ni haka. Lawban ya yi sororo, da gaske bai gane ba. Ya ce baƙonsa ne ni, in na koma ba komai shi ne ya ji kunya.

"Alhaji, ka sassauta," in ji mutumin Maraɗi. "A wurinsu karramawa ce. Kowane babban baƙo haka ake yi masa."

Na ce, "To ni ba babban baƙo ba ne. Ɗan maharbi ne."

Na je in tsinke zaren in sake shi. Da na kama shi sai na ga aikin gama ya gama. Zaren ya yanka ƙafar har ƙashi, fiffike ɗaya ya karye tun a raga, yana reto. In na sake shi, kwana biyu zai yi yana jan jiki kafin ya mutu. Zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, yana kallona da ido ɗaya. Na karɓi wuƙa, na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Suka tafa mini.

Muka kama hanyar dawowa. Lawban ya yi ta miƙo mini lemo ta baya, na karɓa don kada in ƙara masa damuwa, domin na san ba mugunta ya nufa ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, babu wanda zan zaga in huce. Kafin mu shigo gari hoton ya riga ni isa, mutumin Maraɗi ya tura wa jama'a. Ina shiga gidan abinci aka miƙe ana ba ni hannu, waɗanda suka fi kowa yi mini dariya su ne a gaba. Na faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan, ɗaurarre na tarar, da wuƙa na yanka. Wani dattijo ɗan Kumasi ya dafa ni ya ce manyan maharba dama haka suke, ba sa son yabo. Aka yi farfesu, kowa ya sha, ni na ce cikina ba daɗi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in mai masauki ya ce ba zai bari ka ji kunya ba, ka tambaye shi da ran wa zai biya. Shekaru ina neman mutanen nan su yarda ni ɗan maharbi ne, yau sun yarda, a kan abin da Baba zai tofa mini yawu saboda shi. Shi ya sa na rubuta a nan, kowa ya karanta. Ban harbi talotalon nan ba. Sau biyu muka kara da shi a kan dutsensa, sau biyu ya kayar da ni, kuma da haka ya kamata a bar mu mu rabu.