Na Biyu Da Na Uku

A shekarun da sojoji suka koma bariki, kuɗi suka fara yawo a Abuja, kowa ya rataya wayar hannu a wuya, ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ina haya a Zuba. Shugabata a ofis ta lura kullum da littafi a jakata, sai ta ce in riƙa zuwa ƙungiyarsu ta karatu. Don murna har sabuwar atamfa na ɗinka.

Manyan mata ne, daraktoci da matan daraktoci, suna haɗuwa ranar Asabar a gidan wata Hajiya a Maitama. Suna da al'ada guda. Kafin dogon hutun damina, wanda suke kira "summer" duk da ruwan da ake tafkawa, kowacce za ta naɗo littafin da ta fi so a takarda, ba suna, a zuba a kwando, kowa ta zari ɗaya. In an dawo daga Landan da Dubai sai a zauna a tattauna.

An ce wanda aka fi so, ni kuma sakarya na ɗauki maganar da gaske. Na kawo littafin Hausa irin na kasuwa, siriri, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Na yayata ne da ta rasu, ita ta koya min karatu da shi a bakin murhu. Labarin wata ma'aikaciyar jinya ne da ƙaninta ya ɓace a tashar jirgin ƙasa, take bin gari gari tana nemansa. Kashi uku ne, kamar yadda ake buga irinsu, kuma na ɗayan ya ƙare ne daidai inda ta ƙwanƙwasa wata ƙofa. Shi kaɗai na kawo.

Hajiya mai gidan ce ta zaro shi. Ta warware takardar, ta riƙe shi da yatsa biyu kamar ta tsinci ɓera.

"Wa ya yi mana wannan wasan? Ko mai aikina ce ta shiga ƙungiya?"

Ta shinshina shi, ta ce ƙamshin kananzir ne original. Ta buɗe ta fara karantawa da muryar masu tallan magani a tasha, tana tsayawa a kan kowane kuskuren bugu. Matan nan suka yi ta dariya, shugabata har da dafa ciki.

"Nawa ne, ranki ya daɗe," na ce.

Sai Hajiya ta karkata kai ta ce, "Ayya, 'yata. Ba komai, za mu gyara ki." Wannan tausayin ya fi dariyar ciwo. Na miƙa hannu in karɓi abina, ta ce doka doka ce, sai bayan hutu. Ta cilla shi ƙarƙashin tebur, kusa da takalmanta.

Hutu ya yi nisa, ina cikin motar haya a Utako ana ruwa, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, murya ƙasa ƙasa. Ta tambayi aiki, ta tambayi gida, ta tambayi ruwan sama, abin da ba ta taɓa yi ba. Can ta ce, "Wannan ɗan littafin naki, akwai na biyu ne? Wata ce take tambaya. Please kar ki faɗa wa kowa."

Na ce akwai, har na uku, kuma an daina buga su. In ta dawo min da na ɗaya zan aiko. Ta ce to. Ta sake kira, ta kuma sake, kullum dai "wata" ce take tambaya, kullum na ɗaya yana nan tafe.

Ranar da aka dawo hutu, kowa ta yi fes, ana ta zancen sanyin Landan. Kowacce ta mayar da littafin da ta ɗauka. Da aka zo kaina na ce, "Hajiya, nawa fa?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Wannan tsumman? Ai ina jin an haɗa shi da shara tuntuni."

Ban yi kuka ba, ni in raina ya ɓaci bakina ne yake buɗewa. Na gyara zama na ce, "To bari in hutar da ke kiran waya, ranki ya daɗe. Ƙofar da ta ƙwanƙwasa ba gidan ba ne. Ta ci gaba da nema har ta tsufa, aikinta ya tafi, idonta ya tafi. Ranar da ta sami gidan da yake, ta tarar da mutane a zaune a tabarma, an dawo daga binne shi."

Na zaci za su yi wa Hajiya dariya. Ba wadda ta yi. Cokalin shugabata ne ya faɗi a faranti.

"Ya mutu?" ta ce.

"Haba!" in ji wata matar darakta. "Bayan duk wahalar da ta sha a tashar nan?"

Sai suka kalli juna, kowacce ta sunkuyar da kai. Wallahi na ji daɗin ganin fuskokinsu, kuma har yau ban yi nadama ba.

Ba a sake gayyatata ba. Bayan wani lokaci shugabata ta faɗa min gaskiya a ofis, tana duba fayil don kada mu haɗa ido. Littafin ya bi hannunsu ɗaya bayan ɗaya, kowacce a ɓoye. Ta ƙarshe ta karanta shi a jirgi, da za a sauka ta ji kunyar 'ya'yanta su gan ta da shi, ta tura shi aljihun kujera ta fita.

Na zaga Kano da Zariya ban samu wani ba. Na biyu da na uku suna nan a akwatina. 'Yata ta ɗauko su kwanaki, ta juya su ta ce, "Mama, daga ina labarin ya fara?"