Teburin da Zayyanu Ya Rage wa Ƙafafu

Zayyanu kafinta ne a Illo, kuma ba shi da yawan magana. Tun da ciwon gwiwa ya hana mahaifiyarsa, Inna Saratu, zama a tabarma, ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗaki, har ta fara ramewa. Abin da ke ransa ke nan lokacin da aka tashi gyaran falo saboda Sallah.

Yayarsa Safina ta ce a sayo sababbin kujeru daga tsallaken iyaka.

"Da mi za mu saye su, Yaya? Kawo mini yadin nan mai kauri da ke cikin akwatinki."

Ya kwance tsofaffin kujerun, ya sake musu soso, ya lulluɓe su da yadin. Bango ya sha farar ƙasa. Sannan ya juya kan dogon teburin cin abinci da marigayi babansu ya saya, wanda ba a taɓa cin tuwo a kansa ba, sai dai jibga kaya. Ya sa zarto ya rage masa ƙafafu.

"Ka lalata teburin Baba!" in ji Safina.

"Yanzu ne zai fara aiki."

Da guntayen katakon ya haɗa 'yar kujera mai majingini, daidai gwiwar Inna. Ranar Sallah jikoki suka zagaye teburin bisa tabarma, Inna na tsakiyarsu a kujerarta. Ta cinye tuwonta tas, ta miƙa kwano ta ce a ƙaro.