Katin Gaisuwar Rediyo Ya Raba Ni Da Ita

A shekarun da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ƙaramin malamin firamare ne a Argungu, saurayi mai yawan mafarki. Littattafan soyayya na kasuwa su ne abincina, har na ɗauka duk wanda ya so da gaskiya sai ya samu. Akwai wata yarinya a Birnin Kebbi, ɗiyar wani manomin shinkafa mai gona a Zauro, wadda in ta yi murmushi nakan manta zafin garin. Ba ni da abin burge ta sai katin zaɓe na gidan rediyo. Nakan saya in gaishe ta a rediyo, ita kuma ta zauna cikin ƙawayenta ta ji an kira sunanta.

A al'adar masu zaɓe ba a gaida mutum ɗaya. Sai ka jero abokai, don sunan budurwa ya ɓuya a tsakiya saboda kunya. Cikin waɗanda nake jerowa akwai wani direba da ke kai mini katin Sakkwato. Ko gidansa ban sani ba. Ladarsa kawai in sa sunansa, ni kuwa da son ƙawata magana nakan rubuta shi aminina na har abada.

Da aka yi tarzoma a wani gari mai nisa, aka kama direban, aka ce da shi a ciki. Ba a jima ba 'yan farin kaya suka same ni a makaranta. Na rantse musu ban san shi ba sai a tasha, suka ce jiha duka ta ji amincinmu da kunnenta. Suka rubuta sunana cikin waɗanda ake sa wa ido, suka ce kada in bar gari sai da saninsu. Daga nan motarsu takan zo ta tsaya a ƙofarmu, ba mai fitowa, ta gaji ta tafi.

Lokacin magabatana sun riga sun kai gaisuwa. Mahaifinta ya yi binciken da kowane uba ke yi, mai unguwarmu ya faɗa masa. Ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, ban ce ka yi komi ba. Amma ɗiyata ba ta zama gidan da motar nan ka tsayawa ƙofa tai."

Ita ta aiko gwaggonta cewa za ta jira har a wanke ni. Na tafi Sakkwato da saninsu, na roƙi wani jami'i a goge sunana daga littafinsu, ko a kai ni kotu in kare kaina. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa yac ce maka akwai wani littafi?" Lauya ma ya ce tunda ba a tuhume ni ba, ba abin da zai kare. Ta jira har jiran ya zama abin gori a unguwarsu. Ni da kaina na aika cewa na sauwaƙe mata alkawari. Ta yi aure, na ji har ta aurar da ɗiya.

Abin da na koya shi ne wanda aka tuhuma yana da ranar shari'a, amma wanda aka rubuta kawai ba shi da ita. Samari, kada ku jingina sunanku da na wanda ba ku san shigarsa da fitarsa ba. Masu riƙe da alƙalamin hukuma kuma, ku ji tsoron Allah. Har yau ban san ko an goge nawa ba, kuma ba wanda zan tambaya.