Allurar da Kaka Ta Ɓoye a Mpape

A Mpape aka haife ni, tun ba ta zama Mpapen da kuka sani ba. Gidaje ne 'yan kaɗan a gindin dutse, da rumbuna, da gonakin doya da dawa. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ina 'yar shekara tara aka ce kujerar mulkin ƙasa ta baro Legas ta dawo kusa da mu. Ni dai ban ga kujerar da idona ba. Abin da na gani shi ne tifofi ba dare ba rana, da leburori da magina daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, suna neman ɗakin haya a gidajenmu.

'Ya'yan waɗannan baƙin ne suka sa kakata, Kaka Jummai, ta koma yi mana tatsuniya da Hausa. Ta ce ba za ta zauna tana zuba da Gbagyi, rabin yaran suna kallon bakinta kamar awaki ba. Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, kuma wanda ya gyara mata ya sha ludayi a ka. Maginiyar tukwane ce, hannunta kullum da ƙanshin yumɓu. Da an ci tuwon yamma sai ta tura doya cikin toka, ta ja kujerarta bakin murhu, ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu kuwa mu amsa da ƙarfi, "Mu ne!"

Tatsuniyar Kaka ba ta baki kaɗai ba ce. Idan ta ce ɓarawo ya sace gyaɗa, sai ta kife ƙoƙo uku, ta sa ƙwayar gyaɗa ƙarƙashin ɗaya, ta jujjuya su, a buɗe a ga wayam. Idan ta ce mutum ya haɗiye tsakuwa, sai ta haɗiye, ta zaro ta daga kunnen wanda ya fi kowa buɗe baki. Amma tana da doka guda: ba mai tashi sai ta nuna yadda ta yi. Sai ta buɗe tafin hannu mu ga gyaɗar maƙale tsakanin yatsu. "Ba aljani, ba komai," in ji ta. "Idonku ne ya tafi yawo." Ta tsani a bar yaro ya kwanta da tsoron abin da hannu ne ya yi shi.

A wannan shekarar wani ɗan kwangila ya fara zarya a garinmu. Ba mu san sunansa ba, Oga kawai ake ce masa. Gonakin gindin dutse yake so, zai kafa injin fasa dutse, don sabon birni na cin tsakuwa kamar ba gobe. Ya zo da takarda da tawada, yana so magidanta su dangwala yatsa. Ya yi wa babana alkawarin aikin gadi. Dattawa suka ce a'a, domin a gonakin nan iyayenmu suke kwance. Babana coci yake zuwa, ƙanensa masallaci, amma a kan kaburbura bakinsu ɗaya.

Da Oga ya ga haka sai ya dawo da wani mutum mai jar hula da zobba a kowane yatsa, ya ce Mai Gani ne, yana jin maganar matattu. Aka taru a ƙofar mai unguwa. Mutumin ya ce a ɓoye allura ko'ina a garin, kakanninmu za su gaya masa inda take. Aka kulle shi a ɗaki, mai unguwa da kansa ya je ya soke ta a jinkar wani rumbu. Mai Gani ya fito, ya kama wuyan hannun mai unguwa, ya lumshe ido, ya yi ta tafiya yana tsayawa, har ya kai hannu ya zaro allurar. Sau uku ya yi da mutum uku, bai kuskure ba. Sannan ya zauna, ya ce kakanni sun ba shi saƙo: ƙarar motoci ta dame su, sun riga sun tashi daga ƙasar nan, ba kowa a kaburburan sai ƙasa. Jikin dattawa ya yi sanyi. Aka sa jibi za a dangwala.

Da yammacin ranar Kaka ta hura wutarta kamar kullum, sai dai ta sa aka ƙara itace, ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Babana da ƙanensa suna zaune a bakin zaure, suna yi kamar ba sa ji.

Ta ce a wani gari an yi rijiya guda mai ruwan daɗi. Wani baƙo ya zo ya ce yana jin abin da ke cikin zuciyar kowa. Sarki ya ɓoye zobe, baƙon ya riƙe hannunsa ya gano. Daga nan maganarsa ta zama yankan wuƙa. Sai ya ce rijiyar nan akwai mugun abu a ciki, kowa ya bar ta, alhali shi yake so ya shayar da shanunsa. A garin akwai wata mai saƙar tabarma, wadda ba ta cika magana ba, sai kallo. Ita ce ta lura cewa baƙon bai taɓa gano komai ba sai ya riƙe hannun wanda ya ɓoye. Ta kawo tukwane goma, ta sa aka ɗaure mata ido, ta jefa zoben a ɗaya, aka cakuɗa su, har ita ma ba ta san inda yake ba. Baƙon ya riƙe hannunta ya yi ta zagaye tun hantsi har rana ta faɗi, ƙarshe ya ari na kare, ya bar takalminsa.

Wani yaron Filato ya ce, "Kaka, to yaya hannu zai yi magana?"

Ta dube ni ta ce, "Ƙawata, tashi ki ɓoye wannan cokali." Na kai shi bayan turmi na dawo. Ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu, ta ce in yi ta tunanin wurin, kada in ce uffan. Wallahi ban ja ta ba. Amma duk sanda ta nufi wani gefe sai in ji hannuna ya yi nauyi, da ta juya wajen turmi sai ya saki. Ba a jima ba cokali na hannunta.

"Kun gani?" ta ce, tana kallon zaure, ba mu ba. "Ba shi ya kai ku ba. Ku kuka kai shi. Mutum ya riƙe hannunka, kai ka ja shi, kuma ka biya shi da gonan ubanka!"

Babana ya yi tari.

Ranar da aka sa, Oga ya zo da motarsa da takardarsa da Mai Gani. An buɗe tawada ke nan Kaka ta ratso taron maza, inda mace ba ta saba tsayawa ba. Mai unguwa ya ce, "Mama, a yi haƙuri, maganar maza ce." Ta ce, "Wanda yana kwance a gonan nan mijina ne. Ni ma zan ɓoye allura." Oga ya yi dariya ya ce, "Bar ta, bar ta, Mama tana son sho." Mai Gani ya ga tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ga idon jama'a a kansa, ya yarda.

Na ɗauka za ta aika a kawo tukwane goma. Ba ta yi ba. Aka kulle Mai Gani a ɗaki, ta karɓi allurar ta yi bayan gari ita kaɗai, ta dawo, ta miƙa masa hannu. Ni kuwa na san ta san inda take, kuma na ga yadda hannu ke tona asiri.

Ya kama ta suka tafi, gari duka na biye. Suka wuce rumbuna, suka wuce rafi, suka shiga gonarmu. Ya yi ta sauri, fuskarsa na ƙara sakewa, don hannun na ba shi hanya sosai. A gindin wata ɗorawa, inda aka jera duwatsu, ya tsaya cak, ya buga ƙafa ya ce, "Nan! Kakanni sun ce nan ne!"

Kaka ta zare hannunta. "Su wa suka ce?"

"Kakanninku."

"Daga ina suka ce?"

"Daga nan, ƙarƙashin ƙafata."

"To sauka a kan mijina," in ji ta. "Shekaranjiya ka ce sun tashi. Yau ga shi suna kiranka daga rami. Oga, zaɓi ɗaya. Ko suna nan, ko mutuminka maƙaryaci ne."

Sai ta kai hannu ga ɗankwalinta ta zaro allurar. Tun farko ba ta ajiye ta ko'ina ba. Kabarin kawai ta sa a ranta, hannunta ya yi sauran. Mai Gani ya fara ihu wai an yi masa maguɗi, ta ce, "Kai da gaskiya ka zo?" Aka fashe da dariya, har matan da suka biyo da goyo. Babana ne ya koma ƙofar mai unguwa, ya rufe kwalbar tawadar, ya miƙa wa Oga da hannu biyu cikin ladabi. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gonar ta tsira ba. Bayan wasu shekaru katafila ta zo, da takardu daga sama waɗanda ba su buƙatar yatsan kowa. Kaka ta tsufa ƙwarai a lokacin, amma ta sa aka kai ta gindin ɗorawar ta zauna a kan kujerarta, ta ce ba za ta taka da ƙafarta ta tashi ba. Da ita da kujerar aka ɗauke. Babana da ƙanensa suka tono ƙasusuwan ubansu, suka naɗe a farin ƙyalle, suka ɗauka a kafaɗa kamar yadda Gbagyi ke ɗaukar kaya, suka kai shi wani wurin. Na daɗe ina jin haushi, ina cewa to me wasan allurar ya amfana?

Yanzu a Masaka nake zaune, ina koyarwa a wata firamare. Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta ranta a ɓace. Wai yara sun yi mata tsiya, sun ce Gwari sun sayar da ƙasarsu da kansu, shi ya sa suke zaman haya a bayan gari. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. A nan na gane abin da tsohuwar nan ta bar mana. Da an dangwala a ranar, da sunkuyar da kai zan yi. Sai na ɗago haɓarta na ce ta koma gobe ta gaya musu ƙwacewa aka yi, da rana tsaka, muna kallo muna cewa a'a. Duk wanda ya ce mun sayar, ya kawo takardar ya nuna mata yatsan kakanta.