Takin da Ya Narke a Duro

A ƙauyenmu da ke gefen Kunci ba a shigo da buhun taki da rana tsaka. Duk wanda ya hango shi a bayan babur zai biyo sahu da kwanonsa, a sam masa ko rabin tiya ne, kuma yawancinsu 'yan'uwa ne da ba ka iya kallon idonsu ka ce babu. Shi ya sa a wata damina, ina gida hutun makaranta, da Baba ya samu rabin buhun farin takin nan da ake kira yuriya, sai ya juye shi a tsohon duron da ke ƙarƙashin indararon ɗakinsa, ya rufe, ya ɗora dutse. Tun da aka haƙa mana famfo a unguwa ba wanda ke kula duron. Ko Inna bai gaya wa ba.

Masararmu kuwa ta fara yin ɗorawa-ɗorawa, ruwa kawai Baba yake jira ya zuba mata takin. Wannan rabin buhun shi ne iyakar ƙarfinsa a shekarar. In ya salwanta, abincin gidanmu ne ya salwanta.

Ranar kasuwar Bagwai, bayan Baba ya tafi, hadari ya haɗo aka kece da ruwa. Inna da wanki ya taru mata ta yafa buhu a ka, ta bi gida tana tara duk abin da ke da baki. Ta ture dutsen nan, ta fizge murfin, ta ruga ɗaki ba ta ko leƙa ba.

Da la'asar Baba ya dawo, ya ga duro cike fal. Ya naɗe hannun riga ya zura har kafaɗa, ya laluba, ya fito da hannu wayam.

"Inna lillahi," ya ce. "Takin ya tafi."

"Wane taki? Malam, ai da ka faɗa!" in ji Inna. Ta taɓa ruwan ta yi baya. "Kai! Wannan sanyi kamar ƙanƙara, lafiya kuwa?"

Ni ma na tsoma hannu. Sanyin ya ratsa ni har haƙora, jikin duron kuwa sai gumi yake yi. Nan take na tuna malaminmu na kimiyya, da ya taɓa narkar da irin takin nan a kofin gilashi ya sa muka taɓa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na daka tsalle ba.

"Baba, yana nan! Yana cikin ruwan! Shi ne ya kawo sanyin!"

Ya dube ni kamar na zare. "Ke, ana kukan targaɗe kin zo da wasa? Ina kika gan shi?"

"Sukarin da ke cikin shayinka ganinsa kake yi?"

Na ɗauko wani tsohon murfin tukunya, na ɗiga ruwan kaɗan, na ajiye a gefen murhu inda garwashi ya lafa. Mu uku muka tsuguna a kai, ina ta addu'a, don in abin ya ƙi, na san har in tsufa ana yi mini tsiya da shi. Ruwan ya riƙa janyewa a hankali. Can sai wani fari-fari ya fito a gefe, siri-siri kamar allurai. Baba ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sunsuna.

"Allahu Akbar! Shi ne!"

Inna ta rangaɗa guɗa. Baba ya ce a ɗaure awaki tukuna, kada su sha su mutu.

Washegari muka yi abin da unguwa ta daɗe tana dariyarsa: ban ruwa a tsakiyar damina. Na ce sai an sirka shi da ruwa mai yawa, amma Baba da zumuɗi ya riga ya kwarara wa layin farko yadda yake. Sauran muka sirka, muna bin gindin kowace masara da gwangwanin madara. Masu wucewa suna tambaya ko Malam ya koma noman rani ne, shi kuwa sai ya ce magani ne.

Layin farkon nan ya ƙone ƙurmus. Hankalina ya tashi ƙwarai, na daina zuwa gonar don tsoro, ko tuwo ba na iya ci sosai. Ina ganin sauran ma haka za su bi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Baba ya leƙo ya ce in ɗauko mayafina. Muka nufi gona. Da muka karya kwanar kukar da ke bakin gona sai na tsaya cak. Masara ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi, ganye yana kaɗawa, ta kusa kai mini ƙirji. Na fashe da dariya, hawaye na zuba.

Baba ya cire hularsa, ya zauna a kan kunya, ya nuna mini wuri kusa da shi.

"Zauna," ya ce. "Me kuma suka koya muku?"