Tsohuwar Zuma da Ta Ji Ƙauri

Kwana uku ke nan ina zama a bayan ɗakin da aka ba mu aro a Sabon Birni, ina kallon ƙudan zuma bakwai ko takwas suna shiga amyata suna fita. Ɗana Sani ne ya rataye min ita a kan dogon yaro, bayan na yi mata turare. Waɗannan 'yan leƙe ne. Babban taron zumar yana can maƙale a wani reshe da ban sani ba, yana jiran su kawo labari. A cikin kwana ukun nan ne kuma saƙo ya zo daga ɓarayin daji cewa an yi sulhu, mu koma ƙauyenmu mu yanki geronmu, babu mai taɓa mu. Sani ya ce za shi, da matarsa da 'ya'yansa uku. Ina zaune ne kawai, kakata tana ta dawo min a rai.

Tumba sunanta, amma mu Inno muke ce mata. Gajera ce, baƙa, zanen Gobirawa ya cika mata kunci, ga baki kamar reza. A ƙauyenmu, can tsakanin Gatawa da Tsamaye, maza ke saƙa amya da ciyawa su rataye a itace, amma kowa ya san zuma ba ta shiga amyar da Inno ba ta turara ba. Sai ta shafe ta da kashin shanu ciki da waje, ta bar ta ta bushe. Sannan ta tona ɗan rami, ta zuba garwashi, ta ɗora kaki da ɓawon icen hano da ganyen ɗoɗɗoya, ta kife amyar a kai, hayaƙin ya ratsa ta. Ƙanshin nan yakan kama zanenta har sati. Ni wallahi har na girma ban san ƙanshin jikin tsohuwa dabam yake da na amya ba.

Abu ɗaya ne ba ta yi ko da za ka kwana kana roƙo. Ba ta turara amyar da aka taɓa ƙona zuma a ciki. Mutanenmu da yawa, idan za su ɗebi zuma, sai su cusa wutar kara su ƙone ƙudan ƙurmus, su kwashe saƙar gaba ɗaya, sannan baɗi su kawo wa Inno wannan amyar dai. Sai ta sa hanci ta shinshina, ta cillar da ita.

"Tahi da abinka, maci amana," in ji ta. "Ni ba ni yi wa kabari turare."

Babana yakan ji kunya, ya bi mutum yana ba shi haƙuri. Ita ko a jikinta.

Lokacin sanyi, da an yi magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu kewaye ragowar wutar da ta yi turare da ita. Mu tara ne ko goma, muna ture juna saboda kowa na son kusa da garwashi. Ni take sawa a gefenta ta ce, "Matso, ƙawa, ke ce mai kunne. Waɗanga kawunan kabewa na." Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne, har mu faɗi muna riƙe ciki. Amma akwai ɗaya da ba ta dariya, kuma sau biyu ko uku kacal na ji ta yi ta. Ranar da na fi tunawa, da rana ta kori wani maƙwabcinmu da ƙonanniyar amyarsa, ranta bai gama hucewa ba.

"To, ga wata nan ta sauka bisa reshe," ta ce.

"Ta sauko mu gan ta," muka amsa.

Wai wani taron zuma ne iska ta karya icen da suke ciki. Suka tashi da uwarsu, suka sami reshen aduwa suka dunƙule a kai, babu rufi babu abinci. Ga hadari yana haɗuwa a gabas. Sai uwar ta tura 'yan leƙe su nemo gida, matasa shida da wata tsohuwa mai yagaggen fiffike wadda ba ta iya tashi da sauri. Suka yi yawo har suka ji ƙanshi. Suka bi shi, sai ga amya a kan tsamiya, sabon shafe, ƙofa ƙarama, ciki bushe, turare har yana sa maye. Mai amyar yana zaune a gindin tsamiya yana kallonsu. Bai kore su ba, har ma ya ajiye musu ruwa a sakaina.

A nan Inno takan ƙanƙance murya ta yi ta matasan. "Wayyo daɗi! Mun samu gida! Mai shi ma mutumin kirki na, ruwa yab ba mu!" Mu kuwa sai mu fara murna, don mun ɗauka labarin ya kusa ƙarewa lafiya.

Tsohuwar zumar ba ta bi ƙanshi ba. Ƙasan amyar ta sauka, ta sa ƙafa ta kankare sabon shafen. A ƙarƙashinsa baƙi ne. Ta ƙara tonawa, sai ga toka, sai ga fikafikan zuma a ƙone, sun fi a ƙirga. Ta koma reshe ta faɗa wa taro abin da ta gani. Ta ce mutumin nan ya bar mu mun shiga mun fita ne don mu kawo masa kowa. Ta ce zai jira mu cika masa amya, sannan ya zo da wuta.

"Mi kuke tsammani sunka ce mata?" in ji Inno, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.



"Ba su ce ƙarya take ba. Wanga shi na abin tausai. Cewa sunka yi, Inna, mun ji. To ina za mu? Ga hadari nan. Ɗiyanmu sun kwana uku ba su ci ba. Wutar da kike hwaɗi sai nan da wata huɗu, ruwa ko yau za shi sauka."

Suka tashi suka shiga. Suka yi damina a bushe, suka yi saƙa fara tas, suka haifi 'ya'ya, amya ta yi nauyi har reshe yana lanƙwasa. Da sanyi ya shigo, mutumin ya hau tsamiya da damin kara yana ci da wuta. Inno ba ta ja wannan wurin. Sai kawai ta ɗauki ɗan karan dawa ta tura cikin garwashi, muka ji yana ƙara tas-tas-tas, ta ce, "Haka." Wani ƙanena ya fashe da kuka.

Ni abin da ya tsaya min a wuya dabam ne. Na ja zanenta na ce, "Inno, tsohuwar fa? Ita ai ta tsira, tunda ta sani."

"Wa yac ce miki? Tare sunka shiga. Ita ta ta ƙarshe, don ba ta da sauri."

"Haba Inno! Ta gani da idonta kuma ta shiga? Ashe ita ce babbar wawiya!"

Na zaci za ta make ni. Sai ta dubi wuta ta ce, "Ke, ƙawa, ta zauna bisa reshe ita kaɗai ta yi mi? Wa za ta ba labarin ta yi gaskiya?" Ta tashi ta karkaɗe zane. "Ƙurunƙus, na binne kanta cikin toka. Ku tashi, wuta ta mutu."

Na kwanta da haushin tsohuwar zumar nan, kuma na daɗe ina jin haushinta. Har na yi aure ina cewa ni da na ga toka, ko da igiya ba a ja ni.

Inno ta rasu kafin daji ya lalace, Allah Ya ji ƙanta, Ya kuma yi mata gata da bai nuna mata ba. Ni na gaji turaren. Mijina Malam Ummaru yana saƙa amya, ni ina turarawa, kuma a gidanmu hayaƙi kawai ake yi wa zuma a ɗebi rabi a bar mata rabi. Sannan ɓarayi suka fara zuwa a kan babura. Suka kwashe shanu, suka dawo suka kwashe mutane. Wata damina, bayan mun yi noma na biyu, muka gudo nan da abin da kai zai iya ɗauka. Muka bar gero yana fitar da kai.

Zaman gari ga wanda ba shi da gona, ba sai na faɗa ba. Na surfa wa mutane hatsi don a ba ni dusa, ni da rumbuna uku ne a gidana. Da gero ya nuna, sai saƙo ya zo, irin wannan na yanzu sak. An yi sulhu, ku zo ku yi girbi. Dattawa suka ce a tura mutum uku su gano, Malam Ummaru yana cikinsu. Suka je suka dawo lafiya. Biyun suka ce gero ya yi kyau kamar ba a taɓa yi ba, ɓarayin ma sun gaishe su, har fura suka ba su.

Sai aka tambayi Malam. Ya ce shi ya ratsa ta wata 'yar unguwa da ke yamma da mu, waɗanda suka riga mu komawa da sati biyu. Gonakinsu an girbe tas, babu dami ko ɗaya, babu mutum ko ɗaya. A inda suka tara dammuna, takalma ne a warwatse, manya da ƙanana, wasu wari guda.

Ina bayan zana ina ji. Na san wannan labarin tun ina 'yar shekara takwas. Kuma wallahi ba wanda ya ce ƙarya yake. Wani dattijo ne ya ce, "Mun ji, Ummaru. To mi za mu ba yara?"

Da ya shigo ɗaki na tare ƙofa. Na ce, "Malam, kai ka gani da idonka. Su tahi, kai ba ka zuwa." Ya zauna yana gyara igiyar takalminsa, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Hajaru, ƙannena biyu za su. In zauna nan in ci mi, in kuma dubi wa?" Na yi kuka, na yi faɗa, na faɗa masa maganganun da har yau nake neman gafararsu. Abu ɗaya na ci nasara, ya bar min Sani, wai shi zai kula da mu.

Kwana tara aka bar su suna yanka suna ɗaurewa. Sai da dami na ƙarshe ya hau kan tari, sannan baburan suka zo. Waɗansu sun tsere ta cikin kara, su suka ba mu labari. Malam ba ya cikinsu, kuma ba mu samu gawar da za mu yi wa sutura ba. Shekara uku ke nan. Geron bana kuwa, su Sani ne suka riƙa satar jiki da damina suka noma shi.

Na daɗe ina tunanin cewa Inno gargaɗi take mana, wai mu riƙa kankare shafe kafin mu yarda da ƙanshi. Haka ne, kuma na riƙe. Amma yanzu na ga ba don wannan kaɗai take yin tatsuniyar ba. Mai yunwa ya san wuta, ba sai an koya masa ba. Wanda ya kafa tarkon ma ya san mun sani, shi ya sa ba ya wahalar da kansa da sabuwar ƙarya. Zagin da Inno take yi, ga mai kawo ƙonanniyar amya take yinsa. Zumar da ta shiga kuwa, ban taɓa jin ta zage ta ba. Ni ce na zage ta, da bakina na yarinya mai cikakken ciki.

Jiya Sani ya same ni a nan gindin dogon yaro. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na faɗa masa komai, takalman, kwana taran, duk da ya san su kamar yadda na sani. Ya saurara har na gama, ya ce, "Inna, na ji. Ƙaramar ɗiyata kwana biyu ke nan ruwan dusa take sha. Ke ki zauna, in mun yanka za ni aiko miki."

Wai in zauna. Kai, yaro man... a'a, ba zan ce komai ba, ɗana bai yi laifi ba, yunwa ce.

Yau da hantsi 'yan leƙen nan suka ɓace gaba ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce sun ƙi gidan, amma haka suke yi idan sun je ɗauko taro. Kafin azahar na ji gunji daga yamma, sama ta yi duhu-duhu a kan katanga, suka sauka a bakin amya suna kwarara ciki. Matar mai gidan ta ja yaranta ɗaki tana salati. Ni na tsaya a ƙarƙashinsu har suka gama shiga. Amyar sabuwa ce, ko kankare ta suka yi ba za su ga toka ba. Na roƙi mai gidan, in lokacin ɗiba ya yi, ya yi musu hayaƙi kawai ya bar musu rabi. Ya ce ai ni zan ɗiba da hannuna. Na ce Allah Ya sa.

Na shiga ɗaki na ɗaure zannuwana biyu da ragowar ɓawon hano. Sani ya gani ya ce, "Inna, ke da kinka ce tarko na?"

Na ce, "Tarko na, har yanzu ban canza magana ba. Ɗauki ƙaramar, ni za ni riƙe ta tsakiyar. Ku dai yi gaba a hankali, ƙafata ba ta da sauri."